Addu'ar Buɗe Taro: Don Me A Ke Yinta?

Ya kai mai karatu, ko kai sabon mai bi ne, ko kuwa kana cikin masu bincike tukuna, ka riga ka lura da wata al'ada a wurin Kirista. Duk sa'anda suka taru, ko domin sujadar ran Lahadi ne, ko ajin baftisma, ko zaman dattawa, ko taron zumuntar mata, har ma shawara a kan gyaran jinkar ɗakin sujada, ba a soma kome sai wani ya ce, "Bari mu yi addu'a." Sai kowa ya sunkuyar da kai, wuri ya yi tsit. Wataƙila ka tambayi kanka: mene ne amfanin wannan? Dabara ce kawai ta sa mutane su yi shiru, kamar buga ƙararrawa? Tambayar tana da nauyi, gama ran nan tana zuwa da za a ce kai ne za ka buɗe taro, kuma tun yanzu kana cewa Amin tare da jama'a. Ya kamata mutum ya san abin da ya ke sa bakinsa a ciki.

Wane ne maigida?

Da fari sai ka sani ba a yin wannan addu'a domin a kirawo Allah daga wani wuri mai nisa. Ran da sarki Sulemanu ya keɓe Haikali a Urushalima, shi da kansa ya shaida cewa sammai duka ba su isa su ɗauki Allah ba, balle ginin hannun mutum. Kana iya karanta wannan cikin 1 Sarakuna sura 8. Ubangijinmu Yesu kuwa ya yi alkawari, cikin Matta 18:20, yana tare da masu taruwa cikin sunansa ko da ba su fi biyu ko uku ba. Ashe ya riga mu isa wurin taron.

To, don me a ke addu'a? Ka duba al'adarmu ta sallama. Mutum mai hankali ba ya kutsa kai cikin gidan wani haka nan. Ya kan tsaya a bakin zaure ya yi sallama, ya jira a amsa. Yana yin haka domin ya san gidan yana da mai shi, kuma mai shi yana ciki. Masu shiga ba sallama iri biyu ne: ɓarawo, da wanda ya ɗauka gidan nasa ne. Taron masu bi na Allah ne, mu duka baƙi ne da aka gayyata, daga mai wa'azi har yaron da ke zaune a bakin ƙofa. Addu'ar buɗe taro ita ce sallamarmu.

Akwai kuma wani dalili. Sa'anda mutane suka shigo, jikinsu ya iso, amma zukatansu suna hanya tukuna. Wannan yana tunanin bashin da a ke binsa, waccan ta bar yaro da zazzaɓi, wancan hankalinsa yana gona inda tsuntsaye ke cin gero, wani kuma ya shigo da sauran fushin gardamar jiya. Addu'a ita ce maɗaurin da ke tattara waɗannan warwatsattsun zukata su fuskanci wuri guda.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Maƙwabtanmu Musulmi ba su kan soma wani abin kirki ba sai sun ambaci sunan Allah, yawancinmu kuwa da jin haka muka tashi. Abin da ya bambanta addu'ar mai bi shi ne, yana zuwa cikin sunan Yesu Kristi, yana kiran Allah Uba, ba a kuwa ɗora masa wani harshe ko wata fuska da zai juya ba. Yesu ya koya wa matar Samariya, cikin Yohanna sura 4, cewa abin da Uba ke nema a sujada shi ne ruhu da gaskiya.

Addu'a kafin shawara

Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna mana yadda masu bi na fari suka yi. Cikin sura 1, mutum wajen 120 suka taru domin a cika gurbin Yahuza. Suka tsai da mutum biyu, amma kafin a jefa ƙuri'a sai da suka roƙi Ubangiji, masanin zuciyar kowa, ya nuna wanda ya zaɓa. Ƙuri'a ta faɗa a kan Matiyas. Cikin sura 13, ikilisiyar Antakiya tana cikin sujada da azumi ne Ruhu Mai Tsarki ya ce a keɓe Barnaba da Shawulu. Daga wannan zama ne aka aike su, bishara ta bi ta tsibirin Kubrus ta shiga garuruwan al'ummai.

Ka gwada wannan da labarin Joshuwa sura 9. Mutanen Gibeyon suka zo da tsofaffin takalma da busasshiyar gurasa, suka ce daga ƙasa mai nisa suka fito. Shugabannin Isra'ila suka duba guzurin, suka gaskata idonsu, ba su nemi shawarar Ubangiji ba, suka rantse musu. Bayan kwana 3 suka ji ashe maƙwabta ne, rantsuwa kuwa ba ta komawa.

Ka lura da jerin: addu'a tana gaba, shawara tana biye. Akwai wani zunubi da ya kan shigo ikilisiya a ɓoye. Mutum uku ko huɗu su haɗu da dare su ƙulla abin da za a yi, wanda za a ba riƙon kuɗin baiko, wanda za a ture; da safe kuma ɗayansu ya miƙe a gaban jama'a ya roƙi Allah ya bi da su. Wannan bai nemi jagora ba, hatimi ya ke so Allah ya buga a kan takardar da ya riga ya rubuta. Wanda ya roƙi a nuna masa hanya da gaske, ya yarda ke nan mai yiwuwa ne ya fita da wani ra'ayi dabam da wanda ya shigo da shi. In ba ka yarda da wannan ba, me ka roƙa?

Nauyin Amin

Mutum ɗaya ke furta addu'ar, amma ta jama'a duka ce, abin da ya mai da ita tasu kuwa shi ne Amin. Kalmar daga harshen Ibraniyawa ta fito, ma'anarta, haka ne, tabbas. Tsohuwar al'ada ce ƙwarai. Cikin Nehemiya sura 8, da Ezra ya buɗe littafin Attaura a gaban taro, ya fara da yabon Ubangiji, jama'a suka ɗaga hannu suka amsa da Amin. Yustinu, wani malamin Kirista da ya zauna a Roma, wanda aka kashe saboda bangaskiyarsa wajen shekara ta 165, ya rubuta yadda a ke taron Lahadi a zamaninsa, ya ce bayan shugaba ya yi addu'a da godiya jama'a duka su kan amsa da wannan kalma.

Saboda haka wajibi ne jama'a su fahimci abin da a ke roƙo. Manzo Bulus ya tsauta wa Korintiyawa a kan wannan, cikin wasiƙarsa ta fari 14:16, gama ba yadda mutum zai amsa Amin ga maganar da bai gane ba. Wannan dalili yana cikin abin da ya sa Toma Kiranma, babban limamin Kantabari, ya shirya Littafin Addu'a da harshen mutanen Ingila a shekara ta 1549, bayan an daɗe ana sujada da Latin wanda talakawa ba su ji. Mu ma an yi mana irin wannan alheri: Likita Mila, wanda ya zauna a Zariya tun 1905, tare da waɗansu Turawa da Hausawa, suka yi aikin fassara, har aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932. Allah yana jin harshen da uwarka ta yi maka rarrashi da shi.

Amin tana kama da shaidar ciniki. Wanda ya tsaya aka ƙulla ciniki a gabansa, ya sa albarka, ba shi da damar ya ce gobe bai san zancen ba. Idan an roƙi Allah ya ba taro ƙauna da haƙuri, kai kuma ka ce Amin, ka ɗaure harshenka ke nan har a tashi. In gardama ta taso a kan lissafin kuɗi, ka zabura ka kira ɗan'uwanka ɓarawo ba tare da shaida ba, ka ƙaryata Amin ɗinka a gaban wanda ka yi wa sallama. Magana zarar bunu ce. Ba daɗin kalmomi ke nuna gaskiyar addu'ar buɗe taro ba. Yadda aka yi zaman bayanta shi ke nunawa. Shi ya sa Yesu ya ce, cikin Matta 5:23-24, wanda ya kawo baiko ya tuna akwai ɗan'uwan da ke riƙe da shi a zuciya, ya fara zuwa su shirya tukuna. In akwai irin wannan tsakaninka da wani, ka same shi a bakin ƙofa kafin a soma.

Amin kuma tana nufin kana sa ran amsa. Cikin Ayyukan Manzanni sura 12, Hirudus ya kulle Bitrus, masu bi suka taru a gidan Maryamu uwar Yohanna Markus suna addu'a. Allah ya fitar da shi da dare, ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofa. Wata baranya mai suna Roda ta gane muryarsa, ta sheƙa ta gaya musu, suka ce ta haukace. Suna cikin roƙo, amsa tana tsaye a waje. In kun roƙi hikima a farkon taro, ka kasa kunne, gama mai yiwuwa ne ta fito daga bakin tsohuwar da ke zaune a baya, ko saurayin da ba a kula da shi.

In ta zama al'ada fa?

Wani zai ce, "Abin da a ke yi kullum ya kan zama na baki kawai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi." Haɗarin gaskiya ne, Yesu ma ya yi faɗaka a kansa cikin Matta sura 6, inda ya hana addu'ar ganin ido da ta tarin kalmomi. Amma ka kan gai da mahaifinka kowace safiya da kalmomi iri ɗaya. In ka ga gaisuwar ta yi sanyi, za ka daina gaishe shi ne? Sai dai ka mai da zuciyarka cikinta. Haka kuma kada ka rena ikilisiyar da ke karanta addu'a daga littafi, ko wadda ke yi da ka. Dukansu biyu suna iya zama da rai, dukansu biyu suna iya mutuwa a baki.

Ran da aka ce kai ne

Kada ka ji tsoro domin ba ka da ilimi. Cikin Luka sura 18, Bafarisiye ya jera ayyukansa, mai karɓar haraji kuwa jinƙai kaɗai ya roƙa da 'yan kalmomi, shi ne aka karɓa. Ka riƙe waɗannan:

1. Ka ɗan yi shiru kafin ka buɗe baki, ka tuna gaban wanda ka ke tsaye.
2. Ka ɗaga murya yadda na baya zai ji, da harshen da yawancin jama'a ke ji.
3. Ka ce "mu", gama bakin jama'a ne kai. Bukatunka na kanka ka kai su ɗakinka.
4. Ka ambaci abin da ya tara ku. Addu'ar da ta dace da ajin baftisma dabam ta ke da ta zaman sulhu.
5. Kada ka yi wa'azi da ido a rufe, kada kuwa ka yi wa kowa habaici. Wanda ya soki ɗan'uwansa cikin addu'a ya mai da sunan Allah sanda.
6. Ka taƙaita. Mai sallama ba ya kwana a bakin zaure.

Tsarin da masu bi suka daɗe suna bi mai sauƙi ne: ka kira Allah, ka tuna wani abu na halinsa, ka roƙi abu guda, ka faɗi dalili, ka rufe da sunan Yesu. Ga misali domin zaman shawara:

"Ya Allah Ubanmu, kai ne ka tara mu, ka kuwa san abin da ke cikin kowannenmu. Ka gafarta mana abin da muka shigo da shi wanda bai gamshe ka ba. Ka ba mu kunnen jin juna da bakin faɗin gaskiya a kan maganar da ke gabanmu, domin abin da za mu shirya ya zama naka, mu kuma tashi muna 'yan'uwa. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin."

Ya ɗan'uwa, ya 'yar'uwa, taro na gaba da za ka shiga, ka yi ƙoƙari ka iso kafin a buɗe. Ka saurari abin da a ke roƙo kalma kalma. In zuciyarka ta yarda, ka ce Amin da murya sosai, sa'an nan ka riƙe ta har a yi addu'ar rufewa. Kai kuma mai bincike, ba wanda zai tilasta maka faɗin abin da ba ka gaskata ba tukuna. Ka zauna ka ji, ka duba ko zaman mutanen ya yi daidai da roƙonsu, ka kuma roƙi Allah a zuciyarka ya nuna maka gaskiya. Ubangiji ya koya mana yin addu'a.