Gudummawar Zaɓe: Kyauta Ce, Bashi Ne, Ko Ciniki?

Daga cikin mas'alolin da zamani ya kawo, waɗanda magabata ba su san su da wannan siffa ba ko da yake sun san asalinsu sarai, akwai hukuncin dukiyar da mai hali yakan miƙa wa ɗan takara lokacin yaƙin neman zaɓe, wadda ake kira gudummawa. Abin da ya sa mas'alar ta cancanci bincike shi ne, ran da ake miƙa kuɗin, wanda ake bai wa ba sarki ba ne, ba alƙali ba, ba kuma ma'aji ba, mutum ne kawai mai neman kujera. Saboda haka mai bayarwa yakan bugi ƙirji ya ce shi bai toshe bakin kowa ba, tun da rashawa sai ga mai iko. Amma mutumin yankinmu, na Zakka, ko na Runka, ko na Batsari, wanda yake ganin jerin gwanon motoci suna ta da ƙura a hanyar Safana duk lokacin zaɓe, yana da haƙƙin ya san wanda ya zuba wa motocin nan mai, da kuma aljihun da za a biya shi daga ciki.

Ba sai an je nesa neman misali ba. A watan Disamba na 2014 aka yi wata liyafa a fadar shugaban ƙasa a Abuja, inda aka ba da sanarwar an tara wa jam'iyyar PDP sama da naira biliyan 21 a dare ɗaya, alhali dokar zaɓe ta 2010 ta ƙayyade wa ɗan takarar shugaban ƙasa naira biliyan 1 kacal, ta kuma hana mutum guda ya ba ɗan takara fiye da naira miliyan 1. An ambaci gudummawa da sunan masu harkar mai da gas, da masu gine-gine, da masu wutar lantarki, waɗanda a Nuwamban 2013 aka damƙa musu kamfanonin wuta na gwamnati. Da surutu ya yi yawa, sai jagororin taron suka ce kuɗin na jam'iyya ne, ba na ɗan takara ba. Kafin wannan, a Jihar Anambra, a watan Yuli na 2003, an kama Gwamna Chris Ngige aka tsare shi da ƙarfi bayan ya saɓa da ubangidansa na siyasa, Chris Uba, wanda ya ɗauki nauyin zaɓensa. Cutar ba ta san jam'iyya ba, ba ta kuma san Kudu ko Arewa ba.

To, idan aka ɗora wannan dukiya a ma'aunin fiƙihu, ba za ta fita daga ɗayan babi uku ba. Idan aka ce kyauta ce, sai mu tuna da ƙissar Ibnul Lutbiyya da Buhari da Muslim suka ruwaito, mutumin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar sadaka, ya dawo ya ware wani kaso ya ce wannan shi aka ba kyauta. Sai Annabi ya hau mumbari ya yi masa inkari, ya nuna cewa da ya zauna gidan iyayensa da ya ga ko kyautar za ta iske shi. Wannan ma'auni bai tsufa ba, domin attajirin da ya kai wa ɗan takara buhun kuɗi da dare, da wuya a ce ya taɓa kai masa ko da buhun gero a shekarun da yake malamin makaranta ba mai ɗaga masa hannu. Kujerar ake yi wa kyauta, kuma kasancewar ba a hau ta ba tukuna bai sauya niyyar mai bayarwa ba, sai dai ya rage masa tsada. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa gaisuwar da ake kai wa sarakuna cikin miyagun al'adun mulki a littafinsa Kitabul Farƙi, ga shi kuwa gaisuwar wancan zamani a zaure ake ajiye ta, a gaban fadawa, ta yau ko shaida ba ta da shi.

Idan kuwa aka ce bashi ne, to malamai sun haɗu a kan cewa rancen da aka gindaya masa sharaɗin amfani ga mai bayarwa riba ne, wannan kuwa amfaninsa ninkin ba ninkin ne. Saura babi na uku, wanda shi ne ya fi kusa da gaskiyar lamarin. Malikiyya suna da abin da suke kira hibatus sawab, kyautar da aka yi da nufin a sāka, suka kuma ba ta hukuncin saye da sayarwa. Ai ko Bahaushe ya ce yaba kyauta tukwici. Sai dai daga sharuɗɗan ingancin ciniki akwai mai sayarwa ya mallaki abin da yake sayarwa, ɗan takara kuwa bai mallaki kwangila ba, bai mallaki kujerar kwamishina ba, bai mallaki rangwamen kuɗin fito ba. Duka na baitulmali ne, amana ce a hannunsa idan ya ci zaɓe, wanda ya sayar da amana kuwa ha'ini ne ko da ya cika wa mai saye alkawari.

Yadda ake biyan wannan ciniki a karkara ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya zauna ƙauye. Takin gwamnati zai iso mazaɓa damina ta riga ta yi nisa, a rubuta sunayen masu rabo a zauren wanda ya ɗauki nauyin kamfe, manomi ya wuni a layi ya koma da tiya biyu, sauran buhunan su bayyana a kasuwa da farashin 'yan kasuwa. Ko a ba da aikin kwalbati ga wanda bai taɓa riƙe cebur ba, shi kuma ya sayar da takardar ga wani, kowa ya cire nasa, har siminti ya gaza, ruwan Agusta na farko ya tafi da ita. A ƙasa irin tamu da ke bakin Dajin Rugu, inda lalacewar hanya kan hana a kai ɗauki ƙauyen da ɓarayin daji suka afka wa, hasarar ba ta tsaya kan dukiya ba, har rai tana ci. Mai kujera kuwa ba shi da bakin tsawatawa, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Akwai hujjar da masu kare gudummawa suke kawowa, kuma ba ta raini ba ce. Suna cewa takara ta yi tsada, har fom ɗin neman shugaban ƙasa a jam'iyyar APC ya kai naira miliyan 100 a 2022, kuma Muhammadu Buhari da kansa ya faɗa a 2014 cewa da rancen banki ya sayi nasa na naira miliyan 27.5, saboda haka idan aka haramta taimako, siyasa ta zama ta masu kuɗi su kaɗai, mutumin kirki mara hali ya koma ɗan kallo. Wannan gaskiya ne, kuma taimakekeniya a kan alheri umarni ne na Alƙur'ani. Haka nan malamai da yawa sun yi rangwame ga wanda ya ba da dukiya don ya tunkuɗe zalunci daga kansa, suka ɗora zunubin a kan mai karɓa, kamar ɗan kasuwar da yake ba kowane ɓangare don tsoron kada a rufe masa shago. Amma rangwamen na mai kare haƙƙinsa ne, bai shafi mai neman haƙƙin wasu ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya yi gargaɗi game da mai kwaɗayin shugabanci; ina kuma ga wanda ya jinginar da shugabancin tun bai same shi ba?

Abin da ya bayyana gare ni shi ne, gudummawa tana halatta idan ta cika sharuɗɗa uku: a yi ta a fili yadda mai bayarwa ba zai ji kunyar a karanta sunansa da adadin a kasuwa ba, kada ta kai yawan da za ta ɗaure wuyan mai karɓa, kuma mai bayarwa ya haramta wa kansa neman kwangila ko muƙami a hannun wanda ya taimaka. Dokar zaɓe ta 2022 ta ɗaga iyakar mutum guda zuwa naira miliyan 50, amma doka adadi take gani, niyya kuwa sai Allah. Jama'ar da take son shugaba ya zama nata dole ta ɗauki nauyinsa da ɗan abin da ke hannunta, ta kuma daina miƙa masa hannu ran zaɓe, domin taliya da atamfa da ake rabawa a ƙofar rumfa daga cikin kuɗin attajirin nan suka fito, kuma daga takin manomi da maganin asibiti za a fanshe su. Allah shi ne mafi sani.