Rubuta Halin Wanda A Ke Ƙauna

Idan dattijo ya rasu a Dutse, ko Kiyawa, ko Jahun, masu zuwa gaisuwa duk bakinsu ɗaya ne: "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, mai haƙuri." Wannan magana daidai ce a zauren makoki. Amma bayan shekara talatin, in jikansa ya tambaya wane irin mutum ne kakansa, ba za ta ƙosar da shi ba, gama haka a ke faɗa wa kowa. To, wanda ya ɗauki alƙalami don ya ajiye labarin ubansa, ko uwarsa, ko malaminsa, yaya zai yi har wanda bai taɓa ganin mutumin ba ya san shi? Kuma ya halatta ya faɗi aibinsa?

Dabara ta fari ita ce a nuna aiki, a bar mai karatu ya raɗa wa halin suna da kansa. Malamai sun riga kowa sanin wannan. Imamu Tirmizi, wanda ya rasu a shekara ta 892, ya tara littafin Shama'il a kan siffofin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. A ciki ya kawo yadda ya ke tafiya, da yadda ya ke cin abinci, da yadda ya ke murmushi. Ya kawo shaidar Anas ɗan Malik, wanda ya yi masa hidima shekara 10 bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba. Wannan shaida guda ta fi a ce "mai haƙuri" sau ɗari.

Ga misali na kusa. A ce wani mutumin Garu zai rubuta labarin ubansa mai gonar dabino. In ya ce, "Ubana mai kyauta ne," bai wuce maroƙi ba. Amma in ya ce ran da a ka sauke dabino tsohon ya kan ware ƙwarya guda ya ajiye a bakin zaure saboda almajirai, tun ba a kai ko ɗaya kasuwar Shuwarin ba, to mai karatu ya ga mutumin da idonsa.

Dabara ta biyu, a bar mutum ya yi magana da bakinsa. Kowane tsoho yana da karin maganar da ya ke yawan yi, da irin yadda ya ke kiran 'ya'yansa. A rubuta su yadda ya ke faɗa, kada a yi musu kwaskwarima. Ta uku kuwa, a nemi ranar tsanani: shekarar yunwa, ko ranar rabon gado, ko ranar da a ka zo biyan bashi babu ko anini. Zama lafiya ba ya tona hali, sai wuya.

Saura tambaya mai nauyi, watau batun aibi. Addini ya yi horo a ambaci mamata da alheri, ya kuma hana giba. Mamaci ba shi da bakin kare kansa, ga 'ya'yansa da matansa suna raye, abin da a ka rubuta kuwa ba ya gogewa kamar maganar fatar baki. Wannan hujja ce mai ƙarfi. Amma akwai wata a gefe guda. Labarin da babu ko tabo a cikinsa ba mai gaskata shi. Kuma yaro in ya karanta cewa kakansa bai taɓa kuskure ba, sai ya fid da rai ga yin koyi da shi, ya ce wannan ba irinmu ba ne.

A dubi Baba ta Karo, tsohuwar da ta ba Mary Smith labarin zamanta a Giwa ta ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, a ka buga shi a Ingila a 1954, bayan rasuwarta. Ta faɗi aurenta da rabuwarta, da zaman kishiyoyi, da saɓanin dangi, ba ta mai da kowa mala'ika ba. Saboda haka ne in ta yabi mutum a ke yarda da yabon.

Ma'auni dai shi ne, akwai bambanci tsakanin yin shiru da yin ƙarya. Marubuci yana da ikon ya rufe asirin da zai kunyata rayayyu, wannan sutura ce. Amma ba shi da ikon ya ƙaga halin da babu, ko ya mai da marowaci mai kyauta. Aibin da ya kamata a faɗa shi ne wanda mutumin ya yi kokawa da shi. In tsohon nan mai dabino yana da saurin fushi, a faɗa, sa'an nan a faɗi yadda ya kan tashi bayan sallar isha'i ya je har ƙofar wanda ya ɓata wa rai ya ba shi haƙuri. Nan aibin bai rage masa daraja ba, ya ma nuna inda darajar ta fito. Kafin a rubuta kowane aibi, a tambayi zuciya: don a san shi ne, ko don a rama wani tsohon haushi? In ramuwa ce, a ajiye alƙalami.

Baba ta Karo sai da ta sami hannun wata kafin labarinta ya zauna a takarda. Wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci ya huta da wannan, hannunsa ya ishe shi. Ya sami littafin rubutu, ya zauna wurin tsofaffin gidansu tun suna da rai, ya tambaya, ya rubuta abin da ya ji da abin da ya gani, da ƙauna da gaskiya tare. Allah ya jiƙan magabata, ya sa a ambaci na baya da alheri.