Zaren da Ke Jikin Allon Zayyana

Bayan an sallame sallar Asuba, kafin unguwa ta tashi, idona ya faɗa kan allon zayyanar saukata, wanda ya daɗe rataye a bango har jan ya fara koɗewa.

Babu fuskar kowa a jikinsa, babu tsuntsu, babu dabba. Murabba'i ne cikin murabba'i, da'ira a tsakiya, sai zare guda da ya bi gefe, yana hawa kan ɗan'uwansa yana kutsawa ƙarƙashinsa kamar saƙar tabarma. Mai zayyana ya san Wanda ake nema ba Shi da kama, sai ya bar kamanni ya riƙe awo. Launukan ma 'yan gida ne: jan wasali da rawayar hamza na Alƙur'ani rubutun hannu, su ne suka fito suka yi kwalliya.

Na sa yatsa na bi zaren don in ga ƙarshensa. Ya nutse, ya ɓullo, ya sha kwana, ya maido ni inda na taso. Ina yaro na ɗauka wayon mai zane ne kawai.

Amma dubi abin da aka rubuta a tsakiya. Ɗalibi ya taso daga Nasi, shekara da shekaru yana wanke allo yana sake rubutu, har ya cika izu 60. Ranar walima, ga malamai ga dangi, me aka miƙa masa ya karanta? Fatiha da ayoyin farko na Baƙara. Ranar da aka ce ya sauke, ranar aka zaunar da shi a bakin ƙofar Littafi.

Mu manya kuwa mun fi son ibadar da ake gamawa a naɗe tabarma. An kai azumi, an huta. An je Makka, an dawo da suna. Ni kaina, kada in yi ƙarya, na sha ɗauka tuban bara zai ishe ni bana.

Yau inda zaren ya ɓace ne ya fi riƙe ni. Akwai safiyar da addu'a ke fita a bushe, baki na motsi, zuciya shiru. A irin wannan wurin mai zayyana bai ɗaga alƙalami don ya gaji ba. Zaren na wucewa ne ta ƙasa, zai ɓullo gaba kaɗan.

Ya Ubangiji, idan na nutse, kada Ka bari in tsinke. Alwalata tana nan, gari bai gama wayewa ba. Bari in jawo Alƙur'ani, in faro daga Fatiha.