Guga Ɗaya: Na Fure ne, ko na Maƙwabci?

A watan Maris, sa'ad da sanyin hunturu ya janye, bazara ta kama, rijiyoyinmu sukan ja baya har sai an ƙara wa guga igiya. A daidai wannan lokaci ne kuma ɗan lambun bayan ɗaki yake fara ado. Zogale ya yi fari da fure, ƙudan zuma suna ta kai da kawowa. Albasar kwaɗi tana kwance cikin ƙasa, tana jiran ruwan farko domin ta fito da farin furenta mai ratsin ja. Waɗannan ba su roƙe mu kome ba.

Amma akwai furannin da muka dasa da hannunmu a bakin ƙofa, ba a ci, ba a sayarwa, kowace yamma kuwa sai sun sha. 'Yan'uwa, ko daidai ne mu ba su ruwa alhali yaran unguwa suna layi a famfo tun asuba?

Idan maƙwabci ya zo da tulu babu ko ɗigo, mu kuwa guga ɗaya ya rage mana, to, gugan nasa ne. A nan babu gardama. Wanda ya bar mutum da ƙishi domin kada furensa ya yi yaushi, ya yi laifi, kome kyan lambunsa.

Duk da haka muna jin tsoron maganar masu cewa abin da ba ya cika ciki bai cancanci wahala ba. Ma'aunin nan yana da haɗari, gama ba a kan fure kaɗai zai tsaya ba. Gobe da shi za a auna tsohon da ya daina noma, da majiyyacin da ya shekara a kwance. Su ma, ai, ba su kawo kome rumbu.

Iyayenmu mata sun daɗe da samun hanya, ko da yake ba wanda ya tambaye su. Ruwan da aka ɗauraye shinkafa da shi, da na wanke ganye, ba sa watsar da shi a tsakar gida. Sukan tara shi a tsohuwar kwarya, in rana ta yi sanyi su zuba a gindin shuka. Tulun sha kuwa yana nan a zaure, da moɗa a kansa, domin duk wanda ya yi sallama.