Ƙaddara Ce Ko Sakacinmu? Ciwon Suga Da 'Ya'yan Talakawa

A ɗauka yara biyu ne a birnin Sakkwato, kowannensu ɗan shekara tara, suka wayi gari da ciwo iri ɗaya: ƙishirwa ba ta yankewa, fitsari ya yawaita har da na kwance, ga ci amma ga rama. Na farko ɗan babban ma'aikaci ne. Kafin mako ya zagayo an kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, aka soki yatsansa, aka ce ciwon suga ne, aka ɗora shi kan allurar insulin. Na biyu ɗan mai turin baro ne a Tsohuwar Kasuwa. An fara masa da maganin zazzaɓin cizon sauro daga kemis, aka koma jiƙe-jiƙe, sai ranar da ya suma sannan aka ruga da shi asibiti. Idan na farko ya girma har ya ga jikokinsa, na biyu kuwa aka binne shi kafin damina ta faɗi, me za mu kira wannan? Masu ta'aziyya za su ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya suka faɗa, amma da saura.

Ciwon sugan yara iri biyu ne manya. A nau'i na ɗaya, garkuwar jiki ce ke juyowa ta kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin, kuma shan zaƙi ba shi ne sanadi ba. Wannan ba ya tambayar ɗan wane ne, har ma ƙasar Finland mai arziki tana cikin waɗanda ya fi yawa a cikinsu. Nau'i na biyu yana tafiya da gado da ƙiba da irin cimar gida. A Amurka ya fi kama 'ya'yan baƙar fata da na 'yan asalin ƙasar da na 'yan Latin Amurka fiye da na fararen fata. Nau'i na ɗaya kuwa ya fi yawa a gidajen farare, amma idan ya kama ɗan baƙar fata, shi ya fi faɗawa hatsari. Gado yana da nasa rabo, sai dai babban rabon na aljihu ne da unguwa da nisan likita.

A Sakkwato launin fata bai raba mu ba. Bahaushe da Bafulatani da Bazabarme layi ɗaya suke bi a asibiti. Abin da ya raba mu shi ne tazarar da ke tsakanin mai albashi da mai neman na tuwon yau. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna kusan mutum 90 cikin 100 na jihar suna cikin talauci ta fuskoki da dama, mafi yawa a duk Nijeriya. Ga kuma camfin cewa suga ciwon masu kuɗi ne da tsofaffi, wanda ke sa uwa ta ga ƙiyashi ya taru a fitsarin ɗanta amma tunaninta bai kai can ba.

Maganin kuwa ya haura shekara ɗari. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka yi aikin da ya kai ga gano insulin a Toronto ta Kanada, a Janairun 1922 aka ceto wani yaro da shi, waɗanda ke da haƙƙin mallakarsa kuma suka sallama wa jami'a a kan dala ɗaya kowannensu. Duk da haka, yaron talaka yana buƙatar allura kowace rana har ƙarshen rayuwa, da abinci a kan lokaci, da wuri mai sanyi na ajiye maganin, a garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40 kuma wutar lantarki ba ta da alkawari. Almajirin da bai san yaushe ƙoƙonsa zai cika ba, ta yaya zai daidaita allura da cima?

Wani zai ce zazzaɓin cizon sauro da tamowa sun fi suga kashe yara nesa ba kusa ba, don haka ɗan kuɗin da ke akwai can ya kamata ya tafi. Hujja ce mai nauyi. Sai dai ƙarancin da ake gani a littafin asibiti, wani ɓangarensa yaran da suka rasu ne ba a taɓa auna jininsu ba. Matakin farko kuma ba shi da tsada: na'urar gwaji ta hannu a kowace ƙaramar shamagani, da ma'aikacin da ya san yaro ma yana yin suga.

Imani da ƙaddara bai taɓa hana magabatanmu neman sababi ba. Sayyidina Umar ya fasa shiga Sham da ya ji annoba ta ɓarke, bai kuwa ɗauki hakan saɓa wa ƙaddara ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina wannan birni, ya yi rubuce-rubuce kan magani. Saukar ciwo ƙaddara ce da ba mu da hannu a ciki. Amma kuɗin allura da nisan asibiti da jahiltar alamun ciwon, mutane ne suka tsara su ko suka yi biris da su, kuma mutane za a tambaya.

Saboda haka haƙƙin yana wuyan kowa gwargwadon ikonsa. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha tana iya ware kaso na dindindin don insulin ɗin yara marasa galihu. Limami yana iya ambaton alamun nan uku a huɗubarsa, malamin tsangaya ya daina dukan mai fitsarin kwance ya kai shi gwaji. Idan mun yi iyakar ƙoƙarinmu yaron ya tafi, to a ranar muna iya cewa kwana ya ƙare ba tare da mun sunkuyar da kai ba.