Tsakanin Tuba da Waswasi: Nasiha ga Wanda Tsoron Ƙanjamau Ya Hana wa Barci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa mazauna ƙasashen waje, yau zan taɓo maganar da kunya ke hana mu yi a bainar jama'a, alhali tana cin wasunmu a ɓoye. Wata Juma'a bayan mun fito daga masallacin Fanar da ke kusa da kasuwar Souq Waqif a nan Doha, wani ɗan'uwa ya ja ni gefe ya ce akwai magana. Ya yi mini izinin kawo labarinsa, da sharaɗin in sakaya shi.

Watanni biyar da suka wuce Shaiɗan ya rinjaye shi, ya keɓe da matar da ba tasa ba, abin da ya auku tsakaninsu kuwa saduwa ce ta baki, bai wuce nan ba. Tun daga ranar bai sake barci mai daɗi ba. Ya yi gwajin ƙanjamau sau huɗu: bayan kwana 10, bayan mako shida, bayan wata uku, da kuma bayan wata huɗu. Duk sakamakon ya nuna ba ya ɗauke da ƙwayar cutar, amma bai yarda ba. Maƙogwaro ya yi masa kaushi saboda sanyin na'urar sanyaya ɗaki, ya ce alama ce. Ƙurji ya fito masa, ya kwana yana bincike a intanet. Har ya je hutu gida ya ƙaurace wa shimfiɗar iyalinsa da uzurori iri-iri, baiwar Allah tana kuka tana tambayar laifin da ta yi.

Na ce masa: ɗan'uwa, ka haɗa abu biyu ka cakuɗa, kuma kowanne da ƙofarsa. Akwai zunubi, ƙofarsa tuba. Akwai tambayar lafiya, ƙofarta ilimin likitoci. Gwajin jini ba ya kankare zunubi, kuma nauyin zunubi ba ya sauya abin da ke cikin jini.

Mu fara da zunubin, domin ba za mu sassauta abin da Allah Ya tsananta ba. A aya ta 32 ta Suratul Isra'i, kusantar zina aka hana, ba aikata ta kaɗai ba. Saboda haka kada wani ya yaudari kansa da cewa tunda bai kai ga babbar alfasha ba, abin da ya yi ƙarami ne. Haramun ne, ko da babu wata cuta a duniya. Amma Ubangijin da Ya haramta shi ne kuma, a aya ta 53 ta Suratuz Zumar, Ya hana waɗanda suka yi wa kansu ɓarna yanke ƙauna daga rahamarSa. Sharuɗɗan tuba sanannu ne: barin laifin, nadama, da ƙudurin rashin komawa. Azabtar da kai da tsoro har abada ba ya cikinsu.

Sai batun lafiya, wanda Alƙur'ani ya umarce mu mu mayar da irinsa ga ma'abota sani. Abin da likitoci suka tabbatar shi ne, ƙwayar HIV tana yaɗuwa ta jini, da maniyyi, da ruwan gaban mace, da nonon uwa. Ba ta yaɗuwa ta miyau, ko musafaha, ko cin abinci a kwano ɗaya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta bayyana cewa haɗarin kamuwa ta hanyar saduwar baki ƙanƙani ne ƙwarai, ya yi ƙasa nesa da na sauran hanyoyin saduwa. Abin da kan ɗaga shi kaɗan shi ne gyambo a baki ko a al'aura, zubar jini daga dasashi, zubar maniyyi a baki, ko wata cutar saduwa da ke jikin ɗayansu. Sai dai a kula, tunjere da ciwon sanyi suna bin wannan hanya cikin sauƙi. Don haka na shawarce shi ya nemi a gwada masa su ma, domin suna da magani.

Tambayarsa ta gaba ita ce: idan gwajin ne ya yi kuskure fa? A nan sana'ata ta taimake ni. Mu injiniyoyin gini, idan aka zuba kankare mukan ɗebi samfuri mu ajiye, mu matse wani a na'ura a rana ta 7, wani a rana ta 28. Sakamakon rana ta 7 manuniya ce kawai, na rana ta 28 shi ne hukunci. Injiniyan da samfurinsa ya ci jarrabawar kwana 28, amma ya hana a ɗora hawa na gaba yana cewa zuciyarsa ba ta kwanta ba, ba taka-tsantsan yake yi ba, ɓata aiki yake yi.

Haka gwajin ƙanjamau yake, yana da wa'adi. Gwajin da ke neman ƙwayar cutar kanta yana iya gano ta tsakanin kwana 10 zuwa 33 bayan aukuwar abin. Gwajin ɗakin bincike na jinin da aka ɗiba daga jijiya, tsakanin kwana 18 zuwa 45. Gwajin da ke neman martanin garkuwar jiki kaɗai, wanda yawancin na gaggawa irinsa ne, tsakanin kwana 23 zuwa 90. Ashe gwajinsa na kwana 10 ya yi wuri, na mako shida ma bai haye wa'adin kowane irin gwaji ba. Na wata uku da na wata huɗu sun haye wa'adin kowane irin gwaji, kuma tunda bai sake komawa ba, magana ta ƙare. Wanda kuma abu mai haɗari ya same shi yanzu-yanzu, ya sani akwai maganin kariya da ake kira PEP, wanda dole a fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Kada kunya ta sa ya ɓata waɗannan awoyi.

Abin da ya rage wa ɗan'uwan nan ba bincike ba ne, waswasi ne, kuma Shari'a ta san shi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an kai wa Manzon Allah (SAW) koken mutumin da ke jin kamar alwalarsa ta karye a cikin salla, sai ya umarce shi da kada ya fita sai ya sami tabbatacciyar alama. Daga irin wannan malamai suka fitar da ƙa'idar cewa shakka ba ta ture yaƙini. Sakamakon da ya haye wa'adinsa yaƙini ne, kaushin maƙogwaro shakka ce. Shaiɗan ya ci riba sau ɗaya da ya jefa ka cikin laifi, kada ka ba shi ta biyu ta hanyar zaluntar matarka da yanke ƙauna. Idan tsoron ya ƙi tafiya duk da zikiri da addu'a, ganin likitan damuwa neman magani ne, ba raunin imani ba.

Na san abin da ke ƙara wa tsoron nauyi a nan. Dukkanmu mun bi ta hukumar binciken lafiyar baƙi, wato Medical Commission, kafin a ba mu katin zama, kuma mun san wanda aka samu da ƙwayar ba ya samun izinin. Shi ya sa wasu ke gudun gwaji gaba ɗaya. Amma rai da haƙƙin iyali sun fi katin zama. Qatar ta wajabta gwajin lafiya kafin aure tun 2009, Jihar Kano ma ta kafa irin wannan doka a 2024, duk don kada a cutar da wanda bai ji ba bai gani ba. Wanda gwaji ya wanke shi, ya rufa wa kansa asiri kamar yadda Allah Ya rufa masa, ya gyara tsakaninsa da iyalinsa. Wanda aka same shi da ita kuwa, haramun ne ya ɓoye ya shafa wa matarsa. Ya fara shan magani, domin mai sha a kan ƙa'ida yakan yi tsawon rai, kuma idan ƙwayar ta yi ƙasa har gwaji ya daina ganinta, ba ya yaɗa ta ta hanyar saduwa. Mu kuma kada mu zarge shi, da yawa sun same ta daga haihuwa, ko ƙarin jini, ko abokin aure.

A ƙarshe, mu nemi tsari daga abin da ke buɗe wannan ƙofa: kaɗaici, nisa da iyali, da waya a hannu cikin dare. Mai hali ya kawo iyalinsa, mara hali ya yawaita azumi, ya lizimci jam'i da abokan kirki. Mu riƙa neman ɗan'uwan da muka daina gani a sahu.

Allah Ya karɓi tubanmu, Ya suturta mu duniya da lahira, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sanya natsuwa a zukatanmu. Amin.