Shin Sarrafa Abinci Farilla Ne?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya ratsa ta Tambuwal a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega lokacin da kayan lambu suka nuna, ya ga kwandunan tumatir jibge a bakin titi, rana tana dukansu, mai su yana jiran ɗan kasuwa ya taya yadda ya ga dama. Abin da bai sayu ba ya ruɓe. Shinkafar fadamun ƙasar Kebbe kuwa sau da yawa shanshera ake sayar da ita, a cashe ta a wani gari, ta dawo mana cikin buhu da tsada. To, jama'a, alhakin wannan hasara a wuyan wa yake?

Wasu za su ce ƙaddara ce. Amma Imamu Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya lissafa noma da saƙa da ɗinki cikin farillan kifaya, watau idan aka rasa mai yinsu a gari, kowa ya yi laifi. Har ya ambaci niƙa da gashin gurasa a matsayin sana'o'in da suke cika noma. A ganina injin casa da na matse tumatir su ne niƙan wannan zamani, hukuncinsu ɗaya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, a cikin Usulus Siyasa, ya ɗora wa shugaba nauyin samar wa kowane gari masu sana'a. Balle Annabi Yusufu, wanda ya koya wa mutanen Masar ajiye hatsi cikin zangarniyarsa, suka tsira daga yunwar shekara 7.

Abin da ya zama farilla kuwa, koyar da shi wajibi ne. An gwada a 1982, da aka fara tsarin ilmi na 6-3-3-4 mai darussan sana'a. A makarantu da yawa injunan da aka sayo suka yi tsatsa cikin akwatuna, don ba wuta, ba malami. Ga masana'antar shinkafa an buɗe a Argungu a 2017, yaranmu nawa ne suka iya sarrafa irin injunanta?

Sai dai akwai abin da yake damuna, ba zan ɓoye ba. Matar da take turara shinkafa ko soya ƙuliƙuli a cikin gida, da wannan take ciyar da marayu, take yi wa 'yarta kayan ɗaki. Idan inji ya ƙwace mata ciniki, mun gyara ɓarna ɗaya mun buɗe wata. Don haka 'yarta ce ta fi cancanta a fara koya wa busar da tumatir da tsabtar sarrafa abinci da awo na gaskiya, tun daga Islamiyyar unguwa har Kwalejin 'Yan Mata ta Tarayya da ke Tambuwal, kafin injin ya iso.